Ɗan Wasa da Ya Zama Malami: Malam Aminu Kano da Wasannin da Ba a Buga a Tudun Wada Ba

Duk wanda ya ke so ya bi tarihin rubutaccen wasan kwaikwayo na Hausa, lalle ne ya fara da Zariya, domin daga can littattafan farko suka fito. A gefen Tudun Wada, wajen Tukur-Tukur, aka kafa Kamfanin Gaskiya a shekarar 1945, a nan kuma aka riƙa buga yawancin abin da 'yan makarantun Jihar Arewa suka karanta da Hausa har bayan samun mulkin kai. Saboda haka aka saba, in za a ba da wannan tarihi, sai a jero sunayen littattafai da shekarun da aka buga su, a ce ga na fari, ga mai bi masa, har a iso ga na yau. Wannan hanya tana da amfani, amma ta bar giɓi babba. Shi wasa a fili ya ke rayuwa, a gaban 'yan kallo, kuma akwai waɗansu wasanni da aka yi a filayen makarantu, suka ratsa zukatan yara da manya, alhali ba su taɓa shiga injin buga littafi ba. Babban misalinsu shi ne wasannin Malam Aminu Kano, wanda duniya ta sani da siyasa, amma tun kafin siyasa ɗan wasa ne, sa'an nan ya zama malamin da ya ke koya wa yara wasa.

Kwaikwayo da koyo

Ya kamata a fara duba ita kalmar kanta. Aikatau ɗin nan "kwaikwaya" daga "koya" ya samo asali, ta hanyar maimaita gaɓar farko, kamar yadda a ke samun "tattara" daga "tara", ko "kirkira" daga "kira". Watau a bakin Bahaushe, mai kwaikwayo da mai koyo 'yan gida ɗaya ne: yaro yana koyon abu ta wajen yin irin yadda ya ga an yi, yana maimaitawa har ya iya. Ita kuwa kalmar "wasa" tana ɗauke da wata ma'ana dabam, ta abin da ba a ɗauka da zafi. Abin da aka faɗa da wasa ba a kai shi gaban alƙali, shi ya sa abokan wasa, kamar taubasai, ko Kanawa da Zazzagawa, su kan gaya wa juna maganar da in wani ne ya faɗe ta sai an yi faɗa. To, in aka gama kalmomin nan biyu, sai a sami abu mai fuska biyu: hanyar koyarwa ce, kuma rumfa ce da a ke fakewa a cikinta a faɗi gaskiya mai ɗaci.

Hausawa sun san fuskokin nan duka biyu tun kafin zuwan Turawa. A wasan gauta, matan fada su kan kwaikwayi sarki da fadawansa a gaban idonsa, ya ga halinsa da na mutanensa a jikin waɗansu. A kalankuwa, bayan an kawar da amfanin gona, samarin ƙauye su kan naɗa wa junansu sarautu, su yi fada da shari'a irin tasu. A watan azumi yara su kan bi gida gida suna tashe, suna kwaikwayon tsoho da malami da mai rowa. Ga kuma 'yan kama, masu juya wa'azin malamai ya koma zancen tuwo da miya. Abin da makarantar boko ta kawo sabo shi ne rubuta maganar 'yan wasa tun kafin a fito fili, da raba wasa kashi kashi, da ware wurin 'yan wasa daga na 'yan kallo.

Abin da aka fara bugawa a Zariya

Hukumar Fassara da gwamnati ta kafa a 1929 ta zama Hukumar Talifi a 1933, mazauninta a Zariya, a ƙarƙashin Dokta R. M. East, wanda dā malami ne a Kwalejin Katsina. Gasar da ya shirya a 1933 ita ta haifar da Ruwan Bagaja, da Ganɗoki, da Shaihu Umar, da Idon Matambayi. Sa'an nan ga Jiki Magayi, wanda shi East ɗin ya rubuta tare da John Tafida. A cikin shekarun nan ne kuma ya fitar da ɗan littafinsa mai suna Six Hausa Plays, watau wasannin Hausa guda shida, wanda a ke lasaftawa shi ne littafin wasan kwaikwayo na farko da Hausar boko. Ga malaman makaranta ya nufa da shi, don su sami abin da za su sa yara su yi, kuma daga tatsuniyoyi da labarun da yara suka riga suka sani ya ɗebo yawancin kayan aikinsa.

Na biyu a jerin shi ne Wasan Marafa na Abubakar Tunau, wanda ya fito a cikin shekarun 1940, yana koyar da tsabta da kiwon lafiya. Sai Malam Inkuntum na Alhaji Dogondaji a zamanin hukumar NORLA, wadda ta yi aiki a Zariya har zuwa 1959. Bayansa Shu'aibu Maƙarfi ya fitar da Zamanin Nan Namu a 1959 da Jatau Na Kyallu a 1960, waɗanda aka fara ji a gidan rediyon Kaduna. In aka dubi littattafan nan gaba ɗaya za a ga sun yi tarayya a kan abu guda. Laifin da su ke nunawa na mutum ne a gidansa: ƙazanta, ko jahilci, ko almubazzaranci, ko biye wa karuwai, ko sakacin iyaye. Maganinsa kuwa shi ne mutum ya gyara halinsa. Hakimi da dagaci da ɗan doka, in ma sun fito, ba su ne abin tuhuma ba.

Ɗan makaranta a Kaduna

An haifi Aminu a unguwar Sudawa cikin birnin Kano ran 9 ga Agusta, 1920. Mahaifinsa, Malam Yusufu, malami ne masanin shari'a da ya yi aiki a kotun Alƙalin Kano, don haka yaron ya tashi yana jin yadda a ke kawo ƙara, da yadda mai ƙarfi da marar ƙarfi su ke magana a gaban hukuma. Bayan karatun allo ya shiga makarantar Shahuci a 1930, sa'an nan Midil ta Kano a 1933. A 1937 ya sami shiga babbar kwalejin nan ta Katsina, wadda ta ƙaura zuwa Kaduna a 1938, daga baya ta sake ƙaura zuwa Zariya a 1949, ita ce a yau a ke kira Barewa.

A shekarun nan na kwaleji ya fara shirya wasanni, yana rubutawa, yana kuma fitowa a ciki tare da 'yan'uwansa 'yan makaranta. Masu tarihin adabin Hausa sun ambaci biyu da ya yi tsakanin 1938 da 1939. Na ɗaya shi ne Kai Wane Ne a Kasuwar Kano da Ba Za a Cuce Ka Ba, wanda ya nuna yadda 'yan kasuwar birni su ke zaluntar mutanen ƙauye in sun kawo kayansu. Na biyu shi ne Ƙarya Fure Ta Ke Ba Ta 'Ya'ya, wanda ya taɓo nauyin haraji a kan talakawan karkara. Sun kuma ce tsakanin 1939 da 1941 ya rubuta gajerun wasanni wajen ashirin don amfanin makarantu, yana yi wa waɗansu tsofaffin al'adu da ayyukan En'e ba'a a cikinsu.

Sunayen nan biyu kansu abin lura ne ga mai nazarin harshe. Na biyun karin magana ne, irin sunayen da aka saba sa wa littattafan Zariya a lokacin, kamar Magana Jari Ce, da Jiki Magayi, da ita jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fitowa a Janairun 1939. Karin magana maganar kowa ce, ba a kama wanda ya faɗe ta, kuma kowa ya kan ɗauka da wani a ke. Na farkon kuwa ba haka ya ke ba. Tambaya ce ta gatse, irin wadda a ke jefa wa mutum ido da ido, da "kai" a bakinta, ta kuma ambaci wuri da sunansa. Wanda ya ji ta ya san kasuwar da a ke nufi, ya san dillalanta, watakila ma an taɓa yi masa awo da mudun da aka buga wa gindi. Yaro ɗan shekara goma sha takwas da ya zaɓi irin wannan suna ya riga ya gane cewa wasa ya fi cizo in an kira abu da sunansa.

A nan ne bambancinsa da littattafan da aka ambata ya fito. A wasanninsa baƙauye ba jahili ne da za a wayar ba kawai, mutum ne da a ke cuta, kuma mai cutar tasa yana da rumfa a kasuwa ko muƙami a En'e. A tuna cewa a wannan zamani Turawa ta hannun sarakuna su ke mulki, haraji da jangali ta hannun hakimai da dagatai su ke bi, kotu da kurkuku da 'yan doka duk na En'e ne. Ita kanta makarantar Midil En'e ke riƙe da ita, kuma yawancin yaran da ke cikinta aikin En'e a ke shirya su su yi. Saboda haka wanda ya sa waɗannan yara su kwaikwayi mai karɓar haraji, 'yan kallo suna dariya, ya sa su dubi kujerar da za su hau gobe da wani ido.

Malami a Bauci da Maru

Aminu ya zaɓi aikin koyarwa. A lokacin da ya ke gwajin koyarwa an tura shi Zariya, a nan ya haɗu da Malam Sa'adu Zungur, wanda ke koyarwa a makarantar ma'aikatan tsabta, yana kuma tara samari masu ilmin boko suna tattauna al'amuran ƙasa. Wannan haɗuwa ta zama abota ta har abada. A 1942 aka ba Malam Aminu aiki a Midil ta Bauci, inda Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, mai littafin Shaihu Umar, ya ke cikin manyan malamai. Ba a daɗe ba shi ma Sa'adu Zungur ya komo gida Bauci.

A Bauci ne ɗan wasa ya zama malamin wasa. Bai tsaya ga darasin aji ba. Ya kan ja yara a jiki bayan an tashi, ya kafa musu ƙungiyoyi, ya shirya musu wasannin da za su yi. Malamin da ya taɓa tsayawa a fili da kansa yana da abin da wanda ya karanta wasa a littafi kawai ba shi da shi. Ya san inda murya ta kan maƙale, ya san yadda kunya ta kan kama yaro in ya ga manya a gabansa, ya san lokacin da a ke dakatawa dariya ta lafa kafin a ci gaba. Wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne a ƙasar da aka hori yaro ya sunkuyar da kai in babba na magana. Yaron da aka ba rawani da alkyabba ya zama hakimi na rabin sa'a ya koyi yadda a ke ba da umurni. Wanda aka ba tsumma ya zama talaka ya ji yadda "ranka ya daɗe" ta ke fita daga bakin mai jin tsoro. Dukansu biyu sun gane cewa maganar fada da faɗuwa da cire takalmi abubuwa ne da a ke koyo, tun da ga shi su ma sun koya a cikin mako biyu.

A daidai wannan lokaci ne aka kafa taron tattaunawa na Bauci a 1943, inda malamai da ma'aikatan En'e da Turawan mulki su ke zama a yi muhawara, Malam Aminu yana cikin masu ɗauke da nauyinsa. Taron bai yi tsawon rai ba, domin tambayoyin da aka riƙa yi a cikinsa, har da na albashin sarakuna, sun fi ƙarfin abin da hukuma za ta jure. In aka gwada wannan da wasannin makaranta sai a ga amfanin rumfar nan da aka ambata a baya: abin da aka faɗa a taron manya da sunan muhawara ya jawo rufe taron, amma yara sun faɗi irinsa a filin makaranta da sunan wasa.

A 1946 aka tura shi Ingila, ya yi shekara guda a sashen koyon aikin malanta na Jami'ar London. Da ya komo ya tsaya a kan kafa Ƙungiyar Malaman Arewa, wadda ta tabbata a 1948. Daga nan aka mai da shi Kwalejin Horon Malamai ta Maru a Lardin Sakkwato, inda ya zama mai koyar da waɗanda za su koyar. A watan Nuwamba na 1950 ya ajiye aiki, watanni kaɗan bayan an kafa jam'iyyar NEPU a Kano ran 8 ga Agusta, ya shige ta, ya zama shugabanta a 1953. Shekarunsa na aji takwas ne kawai.

Dalilin giɓin

Me ya sa wasannin nan ba su shiga jerin littattafan Zariya ba? Ba za a ce sunan mai su aka ƙi ba, gama NORLA ta buga littafinsa na tafiye-tafiye, Motsi Ya Fi Zama, a 1955, lokacin da ya riga ya zama madugun 'yan hamayya. Amsar tana ga irin aikin da aka kafa maɗaba'ar ta yi. Hukumar Talifi reshe ce ta Ma'aikatar Ilmi, Kamfanin Gaskiya da kuɗin gwamnati aka kafa shi, NORLA kuwa don yaƙi da jahilci aka yi ta. Masu sayen littattafan su ne makarantu da azuzuwan manya, waɗanda ke hannun En'e. Littafin da ya ce a tafasa ruwan sha kowane hakimi zai yi murna a raba shi a ƙasarsa. Wanda ya nuna ana cutar talaka wajen haraji kuwa, wa zai sa hannu a sayo shi?

Akwai dalili na biyu, wanda ke cikin halin su wasannin. Gajeru ne, an yi su don wata rana da waɗansu 'yan kallo, kuma irin wannan wasa rabinsa ne ke kan takarda. Sauran yana ga tafiyar ɗan wasa, da yadda ya naɗa rawani, da muryar wani sananne da ya ara, abin da 'yan kallo za su gane nan take su fashe da dariya. In an buga shi, wannan rabi ya tafi. Har wa yau, rashin bugawar kariya ce: abin da ke cikin littafi ana iya ajiye shi a gaban Razdan a ja layi a ƙarƙashinsa, amma wasan da aka yi da la'asar aka watse, sai dai a ba da labarinsa.

Sakamakon haka shi ne, wanda ya karanta littattafan da aka buga kaɗai zai zaci wasan kwaikwayon Hausa ya fara ne da wa'azin tsabta da gyaran hali, bai kai ga taɓa masu mulki ba sai can baya. Tarihin Malam Aminu ya nuna cewa rassan nan biyu tare suka tsiro, a cikin shekarun 1930. Ɗaya ya sami maɗaba'a, ɗaya bai samu ba.

Inda reshen ya bi

Reshen da ba a buga ba bai mutu ba. Da fari ya bi mai shi zuwa dandalin siyasa. An san Malam Aminu da iya ba da labari da ban dariya a gaban taro, an kuma san 'yan NEPU da ƙin faɗuwa a gaban hakimai, abin da ya jawo wa da yawansu ɗauri da bulala. Ya shiga Majalisar Wakilai a Ikko a 1959, ya riƙe ma'aikatar sadarwa da ta lafiya a gwamnatin Janar Gowon, ya yi takarar shugaban ƙasa a jam'iyyar PRP a 1979, ya rasu ran 17 ga Afrilu, 1983.

Na biyu, ya bi ta hannun waɗansu malamai. Alhaji Yusuf Maitama Sule, Ɗanmasanin Kano, wanda ya rasu a 2017, shi ma ta Midil ta Kano da Kwalejin Kaduna ya biyo, ya komo Midil ta Kano yana koyarwa yana shirya wasa da yara, har aka sami ƙungiyar wasan kwaikwayo mai ɗauke da sunansa a Kano. Irin waɗannan ƙungiyoyi ne suka ba gidajen rediyo da talabijin 'yan wasansu na farko.

Na uku, ya sake ɓullowa a Zariya. A 1975 aka buga Shaihu Umar a matsayin wasa, wanda Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka tsara daga littafin tsohon abokin aikin Malam Aminu na Bauci. A wannan shekara kuma aka fara koyar da wasan kwaikwayo a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, aka gina masa dandali na ginin ƙasa. Michael Etherton da abokan aikinsa, irin su Salihu Bappa da Oga Steve Abah, suka riƙa fita da ɗalibai zuwa ƙauyuka kamar Maska da Bomo, ana shirya wasa tare da manoma a kan abin da ke damunsu, kamar taki da filaye da cin hanci, yawanci ba tare da rubutaccen littafi ba. Su daga tunanin masana na waɗansu ƙasashe suka ɗauko hanyarsu, amma abin da suka tarar yana ci a ƙauyen Zazzau shi ne abin da ɗan makarantar Kaduna ya gwada wajen shekara arba'in kafin su.

Abin da ya rage ga masu nazari da malaman kwalejojin horon malamai abu biyu ne. Na fari, in ana koyar da tarihin wasan kwaikwayo, a daina tsayawa ga jerin littattafai kaɗai, a sa wasannin makaranta a matsayinsu. Abin da ke yawo a hannun ɗalibai game da wasannin Malam Aminu bai wuce sunaye da taƙaitaccen bayani ba, irin wanda ke cikin Hausa a Rubuce na Ibrahim Yaro Yahaya, na 1988. Yaran da suka yi wasannin a Bauci, wanda ya rage a cikinsu ya haura shekara casa'in. Tsofaffin littattafan ajiya na makarantu, da takardun gidan adana tarihi na Kaduna, da na gidansa na Mambayya a Kano, wanda ke hannun Jami'ar Bayero, duk wurare ne da ya kamata a bincika tun da sauran lokaci.

Na biyu ya shafi aji. Malamin da aka ba Uwar Gulma ko Jatau Na Kyallu ya koyar, in ya sa yara suka karanta a zaune suka haddace jigo da salo don jarrabawa, ya ba su rabin da ke kan takarda ne. Sauran rabin ba ya samuwa sai an ture tebura gefe, an ba wani yaro rawani, an ba wani tsumma, an ce su tashi su yi. Haka Malam Aminu ya yi a Bauci, da kayan da ba su fi waɗannan ba.